Shuɗin Haske Don Lavina

Kwarin Kish, kusa da Belleville, Pennsylvania
Satumba

Zuwa ga yayana Mahlon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, mai riƙe da na kusa da na nesa. Ina fata kana lafiya, kai da aikin nan naka na hawan turakun lantarki, wanda Inna ba ta son a ambata a gabanta. Mu nan ruwa ya sauka a kan kari, masara ta yi kyau, tuffa kuwa har rassa na karyewa.

Bayan haka, na sauka lafiya. Mace ce, mun sa mata suna Lavina. Na so in aiko maka da wannan labari shi kaɗai, amma akwai wani a bayansa.

Ba ta yi mako ba jikinta ya koma rawaya kamar cikin kabewa. Ungozoma ta ce ciwon shawara ne irin na jarirai, a riƙa kwantar da ita a bakin taga ta sha rana. Muka yi ta yi, ba ta washe ba, har farin idonta ya rine. Mijina Elam ya je rumfar waya ta bakin titi ya kira direba, aka kawo mu asibiti. Likitar ta ce hantar yarinyar ba ta iya fitar da rawayar daga jini, kuma abin gado ne, yana jininmu yana jinin su Elam. Ka tuna jariran Goggo Fronie biyu da ke kwance a maƙabarta? Ashe shi ne.

Maganinsa haske ne, wani shuɗin haske na musamman. Kullum sai ta kwanta a ƙarƙashinsa kusan rabin yini, ba riga, sai ƙyalle a ido, har ta girma a yi mata dashen hanta. In aka yi sake rawayar ta hau ƙwaƙwalwa, to ba ta saukowa.

Likitar ta tambayi Elam, “Kuna da wuta a gida?” Ya ce, “Muna da murhu biyu.” Ta fara dariya, sai ta ga shi ba wasa yake ba. Lantarki take nufi, wanda ka san ikilisiyarmu ba ta yarda a ja shi gida ba. Ta ce ba za su sallame mu ba sai fitilar tana ci a gidanmu.

Don haka ina asibiti nake rubuto maka. Maƙwabta sun yanke mana ciyawa sun shigar, Inna ta ɗauki sauran yaran. Baba bai ce komai ba tukuna. Ka san shi, tun da ƙuri'a ta faɗa kansa ya zama mai wa'azi, ba ya magana a matsayin uba sai ikilisiya ta gama tata.

Yaya, kai ka san wannan harka. Wuta nawa irin wannan fitila ke ci? Batir zai iya ɗaukarta? Ka ba ni amsa da Jamusancinmu na gida yadda zan gane, ba da yaren ma'aikata ba.

Allah ya tsare ka a can sama.
Ƙanwarka,
Saloma

Harrisburg
Satumba

Saloma,

Gaisuwa mai yawa, barka da sauka. Allah ya raya Lavina, ya ba ta lafiya. Ki gaida Elam, ki ce masa abokan aikina sun sha dariya da murhunsa biyu. Ni ban yi ba.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Turken lantarki yana nan a bakin titinku, daga shi zuwa tagar ɗakinki jifa ɗaya ne. Ni da kaina na taɓa gyara wannan layin, ina hango rufin gidanmu ina ɗaure waya. A yini guda za a ja muku wuta a gama. In Bishop Yost da dattawa sun hana, ki naɗe yarinya ki taho. Ina da ɗaki da babu kowa a ciki, ga asibiti kusa.

Na san yadda za a yi. Za a zauna, a shafa gemu, a ce a dakata a gani. Haka aka yi mini ina ɗan sha takwas, lokacin da na haɗa injin tatsar madara da tarkacen tsohuwar mota, ya kuma yi aiki. Baba ya tsaya a kaina har na kwance shi ƙusa bayan ƙusa. Na bar gida kafin baftisma, shi ya sa ba a hana kowa cin abinci da ni ba, amma kin ga yadda tebur ke yin tsit in na zo. Shanu suna iya jiran taron dattawa, Saloma. Jaririya ba ta iyawa.

Ga amsar tambayarki. Fitilar ba ta cin wuta sosai, manyan batura za su ɗauke ta. Amma batir kamar tulu ne, sai an zuba ake ɗiba, kuma ba ya gaya miki ranar da zai gaji. Ban yarda a jingina ran 'yar ƙanwata a kansa ba, alhali ga waya a ƙofar gida.

Ki gaida Inna. Ki gaida Baba in kin ga fuska.

Yayanki,
Mahlon

Kwarin Kish
Oktoba

Yayana Mahlon,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ka. An fara sanyin safiya, ganye ya yi ja a kan dutse, ana ta ɗebe masara. Lavina tana shan nono sosai, ta ɗan washe. Ma'aikatan asibiti suna kiranta 'yar sarkin shuɗi.

Wasiƙarka ta sa ni kuka, kuma kada ka zaci ban auna maganarka ba. Elam ma ya karanta. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, “In suka hana, mu tafi.” Elam fa, mutumin da ko a asibiti ya rasa barci don ba ya jin motsin dawaki. Da wannan a zuciyarmu muka tafi taro ranar Lahadi, na bar yarinya a hannun ma'aikatan na yini guda.

A gidan su Jonas Zook aka yi sujada. Da aka gama aka fitar da yara, Bishop Yost ya faɗi matsalar ba ƙari ba ragi. Wanda ya fara miƙewa, na san ka riga ka canka: tsoho Iddo Renno, maɗinkin linzami. Ya ce, “Yau fitilar jaririya. Gobe fanka, don jaririya na zufa. Jibi firiji, don madarar jaririya. Kafin yarinyar nan ta yi haƙori kowane gida ya haifi nasa dalilin.” Na ji kamar in jefe shi da takalmi, amma ka san ba ƙarya ya yi ba. Mun ga yadda ta kasance a wasu kwaruruwan.

Sai Baba ya tashi. Ya ce, “Ba mu taɓa cewa lantarki zunubi ne ba, Allah ne ya yi walƙiya. Abin da iyayenmu suka ƙi shi ne igiyar da ke ɗaure gida da duniya, wadda in ta shigo ba ta tambayar me za a rataya mata. Mun ƙi ta don mu ci gaba da bukatar juna. Jikata haske take bukata. Mu ba ta hasken, mu bar igiyar a titi.”

Aka daɗe ana magana. Ga abin da aka tsayar: za a gina ɗaki ɗaya a jikin gidanmu, a ɗora faifan sola a rufinsa, a ajiye batura. In rana ta yi ƙaranci, injin dizal na shagon kafinta na Elam, wanda ke tuƙa kayan aikinsa da matsin iska, shi zai cika su. Wutar ta wannan ɗakin ce kawai, ta fitilar ce kawai. Aka bi benci-benci ana tambayar kowa, maza da mata. Da aka zo kan Iddo ya ce, “Ban gamsu ba, amma ba ni zan raba kan ikilisiya ba.”

Bishop ya tambaya wa ya iya haɗa irin wannan abu. Kowa ya dubi na kusa da shi. Iddo ya waiwayo wajen Baba ya ce, “Crist, ba kai ne mai ɗan da ya gudu ya auri lantarki ba?” Aka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, “Saloma za ta rubuta masa.”

To ga shi na rubuta. Na gode da ɗakinka, Yaya, amma a can wa zai riƙe mini ita ranar da na kwanta ciwo, kai kana kan turke? Nan mata har sun raba kwanakin mako a tsakaninsu. Ka zo ka haɗa mana, ko da ranka bai so ba.

Taka har kullum,
Saloma

Harrisburg
Nuwamba

Saloma,

Gaisuwa. Na iso lafiya, mota cike da burodin Inna da kwalaben dafaffen tuffa na shafa wa burodi, kamar wanda za shi ƙasar yunwa.

Har yanzu ina jin haushin soket ɗin da kika sa na cire a bangon kicin. Ƙarami ne, a bayan kabad, ba mai gani. Kin tsaya da ludayi a hannu kina cewa ke za ki gani. Kamar Baba sak.

Akwai abin da ba ki gani ba, kina ciki da yarinya. Na zo da tunanin zan yi mako ina jiran magina. Na tarar maza sun cika tsakar gida tun hantsi bai yi ba, kowa da gudumarsa, ba mai ba da umarni, amma katako na tashi yana zama inda ya kamata. Na yi shekaru ina aiki da manyan injuna, ban taɓa ganin bango ya miƙe da wannan saurin ba. Na manta cewa ana iya aiki mutum yana jin abin da na kusa da shi ke faɗa. Gadon da Elam ya sassaƙa wa fitilar kuwa, da marfin da ke hawa yana sauka daidai girman yarinya, ya fi na asibiti. Kada ki gaya masa, kansa zai kumbura.

Da na hau rufi ɗaura faifan, na zaci wani saurayi za a turo ya taya ni. Na duba ƙasa sai na ga Baba ne riƙe da tsani. Daga baya ya hawo, da shekarunsa, yana miƙo mini ƙusoshi. Mun yi yini ba mu ce wa juna komai ba sai “riƙe nan” da “miƙo wancan”. Da na gama ya bi wayar da yatsa tun daga rufi har akwatin batura, ya ce, “Aikin ya yi tsabta.” Ya sauka abinsa. Na zauna a kan rufin na ɗan jima.

Amma ban sauya ra'ayi ba. Hunturu na zuwa, rana za ta yi wuya. Ku riƙa share dusar ƙanƙara daga kan faifan, kada Elam ya bari man injin ya daskare. In allurar awon wuta ta jikin akwatin batura ta sauka kan ja, ku nemi asibiti, kada ku tsaya shawara da kowa.

Ki sumbaci Lavina. Ta yi kyau cikin shuɗin nan.

Mahlon

Kwarin Kish
Janairu

Yaya Mahlon,

Gaisuwa cikin sunan Mai Ceto. Bari in fara da ƙarshe don hankalinka ya kwanta: Lavina tana lafiya, tana gida.

Ka san dusar ƙanƙarar da aka yi, tunda na tabbata kana waje kana ɗaga wayoyin da suka faɗi. Nan ta rufe hanya ruf, ba mota ba keken doki. Faifan suka daskare, Elam ya share, ta sake rufewa. Ya je ya tada injin, ya yi ta aiki lafiya, can da safe sai wani ƙarfe ya karye a cikinsa ya tsaya cik. Wayar rumfa ta mutu. Gidan maƙwabtanmu Ingilishi, waɗanda ba 'yan ikilisiyarmu ba, ma duhu, tasu wutar ta ɗauke tun farko. Wajen azahar allura ta sauka kan ja, fitilar ta fara lumshewa, ta mutu. Yarinya ko rabin haskenta na ranar ba ta sha ba.

Ban san na iya tsoro haka ba. Na kai ta bakin taga, babu rana ko ta magani. Ina ta duba farin idonta har na daina gane launi.

Elam ya cire batirin fitilun keken dokinmu ya haɗa yadda ka nuna masa. Fitilar ta kama, amma ka san ƙaramin abu ne, ba zai daɗe ba. Ya hau doki ba sirdi ya kutsa zuwa gidan Jonas, ya dawo da nasu. Jonas kuma ya wuce gida na gaba.

Ina zaune sai na ji ana buga ƙofa da ƙafa. Na buɗe, ga tsoho Iddo, gemu duk ƙanƙara, ya goyo batir a cikin buhu. A ƙasa ya tako, tun daga ƙarshen kwari, don dokinsa ya ƙi fita. Ya ce, “Ban canza magana ba, ki sani. Karɓi abin nan, ya karya mini baya.” Na ce, “Kawu Iddo, shigo ka ji ɗumi.” Ya ce, “Da ma a waje kika zaci zan tsaya?” Ya shiga ya zauna kusa da gadon yana kallonta cikin shuɗin. Can ya ce, “Fronie ƙanwar matata ce. Ni na haƙa wa jariranta biyun kabari.”

Kafin la'asar batura sun cika baranda. Wasu a kan keken jan ƙanƙara, wasu a kafaɗa. Babu keken doki ɗaya a kwarin nan da ya rage da fitila. Maza suka jera su, wannan ya ƙare a sa wancan. Mata suka zo da miya da burodi, gidan ya koma kamar na biki. Baba ne ya zauna a bakin akwatin yana tsaron allura, ko da yake sai da Elam ya nuna masa wace ce ja wace ce baƙar waya har sau uku. Haka muka yi har motar share hanya ta iso, aka kai mu asibiti.

Likitar ta ce rawayar ta hau, amma ba ta kai inda ake tsoro ba. Ta riƙe mu kwana biyu ta sallame mu. An gyara injin.

Ka yi gaskiya, Yaya, batir ba ya faɗin ranar da zai gaji. Ban rubuto don in ci gardama ba. Mun kusa rasa ta, kowa ya sani, kuma za a sake zama a kan maganar.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Saloma

Harrisburg
Janairu

Zuwa ga mahaifina, Crist Peachey,

Baba, ina gaishe ka da ladabi, tare da Inna da dukan gida. Na san ban saba rubuto maka ba.

Saloma ta ba ni labari. Ba zan sake kawo maganar waya daga titi ba. Ni na ɗaga layin kwarinku bayan guguwar, na san da ita aka dogara da fitilar ta riga mutuwa. Abin da ya riƙe Lavina a ranar, babu shi a motar aikina.

Amma ba kullum tsoho zai iya ratsa ƙanƙara da batir a baya ba. Ina roƙon abu biyu kafin ku zauna. A ajiye inji na biyu, mai aiki da gas, wanda zai tashi da kansa in batura suka yi ƙasa. A kuma sa waya a cikin gidan, irin wadda ba ta bin layin titi, don a iya kiran asibiti ba sai an hau doki ba. Na san na biyun ya fi nauyi a wurinku. Na faɗa ne don in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

Duk abin da kuka yanke, zan zo in yi shi da kyau.

Ɗanka,
Mahlon

Kwarin Kish
Fabrairu

Ɗana Mahlon,

Alheri da salama su tabbata a gare ka. Sanyi na nan, dabbobi lafiya, yarinya ta fara juyawa da kanta.

An karanta roƙonka a gaban ikilisiya. An yarda da inji na biyu. Waya ba za ta shiga gida ba, amma za a yi mata rumfa a jikin shagon Elam, inda Saloma za ta kai ko da silifa. Iddo ne ya kawo wannan, ya ce kada a gode masa.

An kuma ce lallai a samu mutum ɗaya a cikinmu da ya san kayan nan ciki da waje, ba mai canza batir kawai ba. Samari suna da gona da iyali. Ni na riga na miƙa gona ga na baya, hannuna bai fara rawa ba tukuna. Na ce ni zan yi.

Ban san komai a kai ba. Ka zo ka koya mini, kuma ka yi haƙuri da ni, ba na kama abu da sauri.

In za ka iya, ka iso kafin Asabar. Za a yanka ƙanƙarar da muke ajiyewa don sanyaya abinci lokacin zafi a tafkin Jonas, hannu bai ishe mu ba.

Mahaifinka,
Crist Peachey